Fentin Jirgin Hashimu

A unguwar Madabo, in ana maganar launi, sunan Malam Mika'ilu ake fara kira. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana zayyanar allo. Duk yaron da ya sauke Alƙur'ani daga nan har Kabara, in dai iyayensa na son allon da za a gani a yi shiru, to zaurensa ake kawo aikin. Yakan dubi tawada a kurtu ya gaya maka ƙaro ya yi mata yawa ko ya yi kaɗan, tun bai tsoma alƙalami ba. Kuma yana da wata doka da ya riƙe fiye da yadda ya riƙe hularsa: launi sau ɗaya ake ɗora shi, ya zauna cif, ya rufe. Duk wanda ya koma kan layin da ya riga ya ja, a wurin Malam bai iya ba.

To, wannan mutumin ne wasu 'yan kwalabe da ba su fi babban yatsa ba suka hana wa sakat har kwana huɗu.

Kwalaben na ƙaninsa ne Hashimu, uwa ɗaya uba ɗaya, gida ɗaya, kowa da sashensa. Hashimu makanikin jirgin sama ne, ya yi shekara talatin a filin jirgi kafin ya yi ritaya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, shi kuwa nasa kiwon 'yan ƙananan jirage ne na roba. A kwali suke zuwa gutsi-gutsi, ya zauna ya manna su, ya yi musu fenti, ya jera a kabad mai gilashi. Sun haura ashirin.

Malam bai taɓa ganin amfanin abin ba, kuma bai iya ɓoye abin da ke ransa ba. Ranar ɗaurin auren Firdausi, 'yar Hashimu, wani daga dangin ango ya leƙa ɗakin yana yaba jiragen. Sai Malam ya ce, a gaban surukai, "Ku yi haƙuri da shi, furfura ta fito amma wasan yara bai sake shi ba." Aka yi dariya, har da Hashimun. Sai dai tun daga ranar, da zarar ya ji takun yayansa sai ya jawo ƙofar ɗakin ya rufe. Shekara bakwai ke nan. Ba a yi faɗa ba, gaisuwa ba ta yanke ba, amma Malam bai sake ganin cikin ɗakin nan ba.

Da ya sake shiga, Hashimu na kwance ne. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya ɗauke, sai wani gurnani a maƙoshi da hannun hagu da yake bubbuga gefen gado da shi. Abinci cokali biyu, sai ya kau da kai. Idonsa kuwa wuni yake a wuri guda, kan teburin da ke jikin taga, inda wani jirgi mai tsawon kamu biyu yake zaune, an gama haɗa shi tsaf amma ba fenti, ruwan toka kamar yadda aka zubo robar.

Sa'adiyya, matar Hashimu, ita ta yi wa Malam bayani daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa. "Irinsa ya fara sa wa sifana yana saurayi, Yaya. Shekara biyu yana jiran wanda zai taho masa da shi daga waje. Babu na biyunsa."

Likita ya ce irin wannan ciwo yakan dawo, kuma in ya dawo ba ya sallama. Abin da ya tsaya wa Malam a rai ke nan. Tsoro yake ji ƙwarai kada ƙaninsa ya tafi da maganar nan ta ranar aure a zuciyarsa. Ya gwada buɗe baki ya ce a yafe masa, har sau biyu, bakin ya ƙi. Wa bai saba roƙon ƙani ba. Amma hannu yana nan, kuma launi dai launi ne.

"Hashimu," ya ce, "jirgin nan naka, ni zan yi masa fenti. Kafin Juma'a ka gan shi ya fito, in sha Allahu."

Hashimu ya dube shi ya daɗe. Sannan ya buga gefen gado sau ɗaya.

Ran Litinin da hantsi Malam ya zauna a kujerar ƙaninsa, ya gyara tabarau, ya dubi hoton da ke jikin kwali. Jikin jirgi fari, fuka-fukai shuɗi. Ya ce a fara da shuɗi, ai shi da shuni tsofaffin abokai ne. Ya buɗe kwalbar. Abin da ke ciki ya yi kauri kamar kunun da ya kwana. Rubutun jikinta kuwa na Turanci ne, ƙanana kamar ƙafar tururuwa. Ya sa aka tura wa Firdausi hoton kwalbar can Kaduna, aka kira masa ita a waya.

"Baffa, na duba," in ji ta. "Wai wannan na ruwa ne. A tsinka shi da ruwa har ya zama kamar madara."

"Wace madarar?"

"Madara dai, Baffa."

"Ke Firdausi, ta gwangwani ko ta shanu? Ko ta gari da aka dama? Ita ma ta garin, damun wa? Na uwarki ko na mai shayi?"

"Wallahi haka kawai suka rubuta."

Malam ya ajiye waya yana girgiza kai. Mutanen da suka iya ƙera jirgi, amma sun kasa faɗin kaurin madara. Ya sami ruwan leda a gefen tebur, ya ɗiga fenti a wani ɗan faranti, ya dinga ɗiga ruwa yana juyawa har abin ya yi kama da madarar shanu sabon tatsa. Ya yi bismilla, ya ɗauki buroshi, ya shafa a fiffiken dama.

Ya ja baya ya duba. Shuɗin bai rufe ba. Tokar roba na leƙowa ta ƙarƙashi, nan duhu nan haske, kamar allon da aka wanke aka bar rabi. Da wani ɗalibinsa ne ya kawo masa irin wannan, da ko kallo na biyu ba zai yi masa ba.

Daga gado aka buga sau uku da sauri. Ya waiga, idon Hashimu a buɗe tar, yana gurnani.

"Na gani, na gani," in ji Malam, kunya ta rufe shi. "Bai yi ba. Kwantar da hankalinka."

Ya jawo tsumma ya jiƙa, ya goge fiffiken tas. Bugun ya ƙaru, har gadon na motsi.

"To ai na goge! Duba, babu ko ɗigo."

Hashimu ya ci gaba da bugu har hannun ya gaji. Malam ya rasa inda zai sa kansa. An shafa, an yi faɗa. An goge, faɗan ya ƙaru. Sa'adiyya na tsaye a bakin ƙofa da kofin kunu, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta rufe, ta ajiye kofin ta koma.

Ranar nan Malam ya yi ta tunani har ya gano bakin zaren, a ganinsa. Launin da ya ƙi kama wuri, me yake nema in ba ƙaro ba? Wannan ko ɗan shekara goma a zaurensa ya sani. Ran Talata ya zo da jiƙaƙƙen ƙaronsa mai kyau, ya zuba a fenti ya juya. Da ya shafa, abin ya yi sheƙi, ransa ya ɗan yi sanyi. Bai kai ga yin hamdala ba fentin ya fara tattarewa, ya koma ɗigo-ɗigo a kan roba kamar gumi a goshi. Inda ya bushe kuma ya tsattsage. Hashimu ya buga sau ɗaya mai ƙarfi, ya ɗaga ido sama. Wannan karon da Malam ya ɗauki tsumma, ba a buga ba. Sai abin ya ƙara ɗaure masa kai. Jiya gogewa laifi ce, yau kuma ba laifi ba ce. To wanne zai kama?

Ran Laraba ya yanke hukunci irin na wanda ya gaji. Ruwa ya ɓata, ƙaro ya ɓata, to a bar fenti yadda masu shi suka yi shi. Ya tsoma buroshi cikin kwalba kai tsaye, ya ɗora wa fiffiken dama, mai kauri, shafa ɗaya, yadda ya saba. Ya rufe kuwa. Shuɗi ya zauna cif, babu toka ko ta magani. A karon farko cikin kwana uku Malam ya ji ya dawo Malam Mika'ilu. Ya ɗaga jirgin ya kai wa ƙaninsa har gaban ido.

Hashimu ya duba. Bai buga ba, bai yi gurnani ba. Ya lumshe ido kawai ya juyar da fuska.

Malam ya koma jikin taga ya ƙura wa aikin ido, sai a lokacin ya ga abin da ya yi. A fiffiken hagu, wanda bai taɓa ba, akwai wasu siraran layuka da 'yan ɗige-ɗige, shatar inda ake haɗa ƙarfe da ƙarfe da kan kusoshi, abin da makaniki ya yi shekara talatin yana shafawa da hannunsa. A fiffiken dama duk sun nutse. Sai sawun gashin buroshi, kunya-kunya kamar gona. Ya sa jiƙaƙƙen tsumma, fentin ya riga ya bushe, ya ƙi motsi.

Bai iya zama a ɗakin ba. Ya naɗe jirgin a gefen babbar rigarsa ya kai shi zaurensa, da nufin ya gyara inda ba ido a kansa. Bayan La'asar ya hau adaidaita zuwa Goron Dutse, wurin wani Shehu mai fentin mota da ya taɓa yi wa ɗansa allo.

"Fenti ya bushe ya ƙi fita? Ai wannan mai sauƙi ne, Malam," in ji Shehu, ya tsiyayo masa wani ruwa mai hawa kai a kwalbar lemo. "Tina ke nan. Babu fentin da ke yi mata gardama."

Shehu bai tambayi a jikin me fentin yake ba, Malam kuma ya ji nauyin ya ce a jikin jirgin roba ne.

Ran Alhamis da safe ya jiƙa tsumma da tina, ya riƙe bakin fiffiken da babban yatsa, ya goga. Gaskiyar Shehu, fentin bai yi gardama ba. Robar ma ba ta yi ba. Ya ji wurin ya yi laushi a ƙarƙashin yatsansa kamar alewar da ta sha rana. Ya janye hannu da sauri, amma aikin gama ya gama. Bakin fiffiken ya ɗan lanƙwashe, kuma ga zanen babban yatsansa nan ya zauna a jikin robar raɗau, kamar wanda ya dangwala a takardar zaɓe.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce a hankali. Garin neman gira an rasa ido.

Ya daɗe a zaune, jirgin a cinyarsa. Launin da ya yi wa hidima shekara arba'in ya juya masa baya, kuma bai san laifin da ya yi masa ba. Ya tsinka, bai yi ba. Ya ƙara ƙarfi, bai yi ba. Ya bar shi yadda yake, ya fi muni. Har ya fara tunanin ya ɓoye jirgin ya ce yana shanya, sai ya ji sallamar Sa'adiyya daga ƙofar cikin gida. Ba ta saba zuwa zauren ba.

"Yaya, tun jiya da ya ga teburin ba jirgin ya juya wa bango fuska. Ko ruwa ya ƙi karɓa."

Malam ya miƙe. Ya ɗauki jirgin a fili, ba naɗewa, ya bi ta. Ya tsaya a gaban gadon ya ce, "Hashimu, juyo ka ga ɓarnar da na yi maka. Na narka maka fiffike. Ban iya ba. Wallahi ban san yadda ake yi ba."

Hashimu ya juyo a hankali. Ya dubi fiffiken, ya dubi yayansa.

Malam ya waiwayi Sa'adiyya. "Ke da kika zauna da shi shekara talatin, don Allah ba ki taɓa ganin yadda yake yi ba?"

Ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafinta. "Ni ina na isa in gaya wa Yaya launi."

"Na roƙe ki."

"To, ni dai abin da na gani," in ji ta, "irin na ran Litinin ɗin nan yake damawa. Tsararo haka. In ya shafa, nakan ce masa, Baban Firdausi, wannan ai ko fenti bai ji ba. Sai ya yi dariya, ya ajiye, ya tafi masallaci. In ya dawo ya sake shafawa a kai. Daga salla zuwa salla yake yi. Sai a na uku ko na huɗu abin yake fitowa."

Malam ya tsaya baki buɗe. "A kai? Ya koma kan wanda ya riga ya shafa?"

"A kai, Yaya."

"To na ran Litinin..."

"Daidai ne. Murna yake yi da ya buga. Da ka ɗauki tsumma ne ransa ya ɓaci."

Daga gado aka buga sau ɗaya, a hankali.

Malam ya nemi bakin gado ya zauna. Ashe tun ranar farko ya samu, da hannunsa ya goge. Kwana uku yana gudun abin da ya riga ya kama. Kuma matar nan tana tsaye tana kallo, girmansa ya ɗaure mata baki, shi kuma girman nan ya hana shi tambaya. Ya ji haushin kansa, ya ji dariya na neman kama shi, ya ji hawaye, duk a lokaci guda, bai san wanda zai bari ya fito ba.

Sa'adiyya ta buɗe durowar tebur ta fito da wata kwalbar sifirit ta kemis, irin wadda ake goge wurin allura da ita. Ta ce da wannan mai gidan yake cire fenti in ya yi kuskure, ba ya cin roba. Malam ya karɓa da hannu biyu. Ya bi fiffiken da auduga a hankali har siraran layukan nan suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Bakin da ya narke dai ya narke, sawun yatsa na nan.

Bai koma kan kujera ba. Ya jawo ɗan teburin shayi zuwa gefen gado, ya shimfiɗa buzu a ƙasa ya zauna, yadda ƙaninsa zai ga cikin farantin daga sama. Ya ɗiga fenti. Ya ɗiga ruwa ɗigo ɗaya, ya juya, ya ɗaga kai. Hashimu shiru. Ya ƙara, ya ɗaga kai. Shiru. A ɗigo na biyar hannun hagu ya buga.

Ya shafa. Abin ya fito kamar na ran Litinin, nan duhu nan haske, toka na leƙowa. Ya san an ce daidai ne, amma idonsa ya ƙi yarda. Bai ankara ba hannunsa ya tafi wajen tsumma da kansa, don sabo na shekara arba'in ba ya jin magana. Sai ya ji an cafke masa wuyan hannu. Bai san akwai sauran ƙarfi haka a jikin Hashimu ba. Ya riƙe shi gam, bai saki ba har aka kira sallar Azahar.

Da ya dawo daga masallaci fentin ya bushe, ya kwanta luf a jikin roba, layukan na nan ba wanda ya ɓata. Ya shafa na biyu, hannunsa na ƙyamar abin kamar mai taka sawun wani. Tokar ta ja baya. Bayan La'asar ya shafa na uku. Ya ɗaga jirgin wajen hasken taga ya duba. Shuɗi ne mai zurfi, sumul, ba sawun buroshi ko ɗaya, kuma kowane kan kusa na nan ana iya ƙirga shi. Bai taɓa fitar da launi irin wannan ba, kuma har yanzu bai gane yadda shafa uku marasa kyau suka haɗu suka ba da mai kyau ba.

Sai dai sawun yatsan nan. Fenti mai ruwa ba ya rufa asiri, ya ma ƙara fito da shi.

"Wannan wurin," in ji Malam, "bari in ɗora masa mai kauri ya ɓoye."

Hashimu ya buga sau biyu da ƙarfi. Ya miƙo hannu, Malam ya matso masa da jirgin. Ya ɗora nasa babban yatsan a kan sawun na yayansa, ya bar shi a wurin. Gefen bakinsa na hagu, wanda ciwo bai taɓa ba, ya ɗaga sama.

Nan bakin Malam ya buɗe, bai ma shirya ba. "Hashimu, maganar da na yi ranar auren Firdausi. Ban san abin da nake faɗa ba. Ka yafe mini."

Yatsan bai ɗaga daga kan fiffiken ba. Hawaye ya gangaro ta gefen ido ya shiga kunne. Sannan hannun ya sauka ya buga gefen gado sau ɗaya.

Sa'adiyya ta shigo da kunu, ta ga halin da ake ciki, ta yi kamar ba ta gani ba. Malam ya share fuska da hannun riga, ya dubi sauran jirgin, fiffike guda da jiki da jela duk suna nan ruwan toka.

"Gobe Juma'a," ya ce. "Na yi alkawarin da ba zan iya cikawa ba. Shi yakan ɗauki kwana nawa a kan guda ɗaya?"

"Wata biyu, Yaya. Wani ma uku."

"Wata uku," in ji Malam. Ya juya maganar a bakinsa, ya ji ta yi masa daɗi. Ya karɓi kofin daga hannunta, ya gyara zama a kan buzu, ya ɗebo cokali ɗaya ya miƙa sama. "To sha, Malam Hashimu. Ɗalibinka ba ya da saurin ganewa, sai ka yi ƙarfi."

Hashimu ya buɗe baki ya karɓa.